Yadda Ake Riƙe Batirin Motar da Aka Ajiye da Cajar Sola

Motar da aka kashe aka kulle ba ta daina shan wuta ba. Agogonta na tafiya, kwamfutar injin na riƙe da abin da ta haddace, na'urar da ke jiran rimot na kasa kunne dare da rana, ƙararrawar ɓarayi ma ba ta runtsawa. Kowanne ɗan kaɗan yake ja, amma babu mai mayarwa, domin altaneta sai injin na juyawa take ba da caji. Shi ya sa mutum zai yi doguwar tafiya, ko ya ajiye motar da ba ya yawan hawa, ranar da ya murɗa makulli sai ya ji ƙyat-ƙyat-ƙyat, fitilun dashbod su yi dishi-dishi, injin ya ƙi ko motsi.

Inda akwai wutar gida kusa da motar, cajar da ake jonawa a bango ita ce mafi sauƙi. Inda babu, ƙaramin faifan sola na iya yin aikin, kuma yana yinsa da kyau. Amma mutane da yawa sun saya, sun ɗora a dashbod, bayan wata guda sun tarar da batir a mace, sai suka yanke hukunci cewa abin yaudara ce. Galibi ba laifin faifan ba ne. An saya ne ba tare da an san nawa motar ke sha ba, ko an jona a soket ɗin da ba ya kaiwa ga batir in an zare makulli. Ka ɗauki batirin kamar randa mai ɗan yoyo, faifan sola kuma ɗigon da ke mayar da abin da ya zube: in ɗigon ya fi yoyon yawa randa na nan a cike, in bai kai ba za ta ƙare, sai dai a hankali. Aikin gaba ɗaya shi ne ka auna yoyon, sannan ka nemo ɗigon da ya fi shi.

Abin da zama ke yi wa batir

Batirin mota na yau da kullum, irin na dalma da asid wanda Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro a 1859, ɗakuna shida ne a jere, kowanne na ba da kimanin bolt 2.1. Duk lokacin da batir ya ba da wuta, wani farin gishiri da ake kira salfet yana kwantawa a jikin farantan dalmar da ke ciki. In aka yi caji da wuri sai ya narke ya koma cikin ruwan batir. In aka bar shi makonni a haka sai ya yi tauri ya manne, caji ba ya iya narkar da shi duka, kuma duk wurin da ya rufe ya fita daga aiki ke nan. To asarar ta wuce motar ta ƙi tashi rana ɗaya. Batirin da ya zauna a mace na wata biyu, ko an caje shi ya tashi, ba zai koma yadda yake ba. Ni wannan ne ma ya fi damuna, domin batir ne mai sauran shekaru a gaba ake kashewa da sakaci kawai.

Ko ba a jona shi da komai ba, batirin dalma na zubar da wutarsa da kansa, kusan kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari a wata idan yanayi na da sanyi-sanyi. Zafi na hanzarta abin sosai: duk ƙarin digiri 10 na ma'aunin Salshiyas yakan kusan ninka shi.

Wasu kan bar wa wani makulli ya riƙa tada motar minti goma duk mako. Ya fi babu, amma minti goma a tsaye da wuya ya mayar da abin da aka rasa cikin kwana bakwai, ga shi injin bai yi zafin da zai ƙone ruwan da ke taruwa a salansa ba. Tuƙi na rabin awa ko fiye shi ne ke amfani, kuma ba kowa ke da wanda zai amince wa ya fita da motarsa ba.

Mataki na farko: batir ya kasance lafiyayye kuma a cike

Ƙaramin faifan sola mai riƙewa ne. Ba ya tayar da mataccen batir, kuma lissafi zai nuna dalili nan gaba. Don haka kafin komai ka nemi mitar awon wuta, irin mai allo da wayoyi biyu, ja da baƙa. Ba za ka iya wannan aikin da ido ba.

Ka bar motar ta huta awoyi, mafi kyau ta kwana, domin batirin da aka sauko daga tuƙi yanzu yakan nuna lamba sama da gaskiyarsa. Ka juya mitar zuwa awon bolt na DC, kan lamba 20, ka ɗora jar waya a kan batir mai alamar +, baƙar a mai alamar −. In ka ga 12.6 ko 12.7, a cike yake. 12.4 kimanin kashi uku cikin huɗu ne, 12.2 rabi, 12.0 kuwa ya kusa ƙarewa. Dubi yadda tazarar take ƙanƙanuwa: tsakanin cikakke da rabi bolt 0.4 ne kacal. Wanda ya ga "12" ya ce ai batir bolt 12 ne, lafiya lau, ya yi kuskuren karatu.

Duk abin da ya gaza 12.5, ka kai shi a yi masa caji sosai da cajar wuta, ko ka yi doguwar tafiya da motar. Bayan cajin ka cire masa waya ka bar shi kwana ɗaya ko biyu ka sake aunawa. In ya faɗo ƙasa da 12.4 ba tare da komai na jan sa ba, batirin ya gaji, kuma babu faifan da zai gyara shi.

Ka goge saman batirin, domin ƙura mai damshi da asid na iya zama hanyar da wuta ke bi tsakanin kawunan biyu. In akwai farin gari ko shuɗi-shuɗi a kawunan, ka kankare da buroshin ƙarfe, ka ɗaure su tam, ka shafa ɗan giris. In batirin mai murafe ne da ake buɗewa, ka duba ruwansa ya rufe farantan, ka ƙara tataccen ruwan da ake sayarwa don batir. Ba a ƙara asid, ba a zuba ruwan famfo.

Mataki na biyu: auna abin da motar ke sha tana barci

Nan ne mafi yawan mutane ke tsallakewa, kuma nan ne komai ya rataya. Mota biyu iri ɗaya na iya bambanta ninki biyar a nan, saboda ɗaya an saka mata rediyo da na'urar bin sawu daga baya.

Ka kashe komai, ka zare makulli. In motar mai rimot ce da ake tayarwa da maɓalli, ka kai rimot ɗin nesa, domin in yana kusa motar ba ta yin barci. Ka buɗe bonet, ka rufe ƙofofi duka. Wasu motoci na da ɗan makunni da ke gane bonet a buɗe yake, ka danne shi da wani abu. Ka cire zobe da agogon ƙarfe daga hannunka, kada kuma a sha taba kusa, saboda batir na fitar da iskar haidurojin mai kamawa da wuta.

Yanzu ka zare jar wayar mitar daga raminta ka mayar ramin da aka rubuta 10A, ka juya mitar zuwa awon amfiya na DC, wato awon yawan wutar da ke gudana. Da sifana, galibi mai lamba 10, ka sassauta notin kan batir mai alamar −, amma kada ka ɗaga shi tukuna. Ka maƙala waya ɗaya ta mitar a jikin matsin wayar motar, ɗayar kuma ka danna ta a gindin sandar dalmar batirin, sannan ka ɗaga matsin a hankali. Ta haka wutar ba ta yanke ba ko na daƙiƙa ɗaya, ta koma bi ta cikin mitar ne kawai. In ka yanke ta gaba ɗaya sannan ka haɗa, kwamfutocin motar za su farka su fara jan wuta da yawa, sai ka sake jira daga farko.

Da farko za ka iya ganin amfiya 1 ko 2, ko fiye. Kada hankalinka ya tashi. Ka zuba ido, lambar za ta riƙa saukowa mataki-mataki yayin da na'urorin ke kwantawa ɗaya bayan ɗaya: 0.8, sai 0.3, ta ɗan tsaya, sai kwatsam ta faɗo 0.03. Tsohuwar mota cikin 'yan mintuna ta gama, sabuwa tana iya ɗaukar rabin awa zuwa minti 45. Duk tsawon wannan lokaci kada ka buɗe ƙofa, kada ka taɓa rimot, kuma ko da wasa kada ka yi ƙoƙarin tada injin, domin sitata na jan amfiya ɗaruruwa, mitar kuwa 10 kawai take ɗauka.

Lambar da ta tsaya a kai ita kake nema. Tsakanin 0.02 da 0.05 abu ne da aka saba gani. In ta wuce 0.1 akwai ɓarawon wuta, kuma gara a kama shi da a sayo babban faifai don ciyar da shi. Waɗanda aka fi kamawa su ne fitilar but ko ta akwatin dashbod da ba ta mutuwa, rediyo ko amfilifaya da aka jona ba daidai ba, kyamarar da ke ɗauka ko mota na tsaye, cajar waya da aka bari a soket, sai kuma altanetar da diyod ɗinta, wato abin da ke hana wuta komawa baya, ya lalace, wadda ke caji in injin na aiki ta kuma zuƙe batir in an kashe shi. Ana gano layin ta hanyar zare fis ɗaya-ɗaya ana kallon mita. In abin ya fi ƙarfinka, aikin mai gyaran wayoyin mota ne.

Da ka gama, ka ɗaure kan batirin, sannan nan take ka mayar da jar wayar mitar raminta na bolt. Wanda ya manta da wannan, ya ɗora ta a kawunan batir tana ramin 10A ya haɗa kawunan biyu kai-tsaye, fis ɗin mitar zai ƙone, in mitar marar fis ce kuma wayoyin su narke a hannunsa.

Mataki na uku: lissafin girman faifai

Lambar da ke jikin batir, 45Ah ko 60Ah ko 75Ah, ita ce girman cikinsa. Batir 60Ah, a takarda, zai ba da amfiya 3 na tsawon awa 20. A ce motarka na shan 0.03. Ka ninka da awa 24, ya zama Ah 0.72 a kullum. Ka ƙara abin da batirin ke zubarwa da kansa, a ce 0.1 zuwa 0.2 a rana. Kwanturolar caji ma, da za mu zo kanta, tana cin nata, in tana jan 0.01 wannan Ah 0.24 ne a yini. Jimilla ta doshi Ah 1.1 zuwa 1.2 kowace rana. Motar da ke shan 0.05 kuwa, ita kaɗai Ah 1.2 ce a rana, wato cikin kwana 25 ta cinye rabin batir 60Ah.

Sai ɓangaren faifan. Wat ɗin da aka rubuta a kwali an auna shi ne a ɗakin gwaji, da haske mai ƙarfin wat 1000 a kan kowace murabba'in mita, faifan kuma yana kan digiri 25. Faifan da ake kira na bolt 12 a zahiri yana aiki ne a kan bolt 17 zuwa 18, in ba a jona shi da komai ba ma ya haura 21. Don haka in kana son sanin amfiyar da zai bayar, da 17.5 za ka raba wat ɗin, ba da 12 ba. Faifai mai wat 5 zai ba da kimanin 0.28, mai wat 10 kimanin 0.57, mai wat 20 ya ɗan haura amfiya 1. Ainihin lambar tana rubuce a bayan faifan, inda aka sa Imp.

Rana tana iya yin awa 12 a sama, amma hasken safe da na yamma ba su da ƙarfi. In aka tattara hasken yini guda aka mayar da shi tsakar rana zalla, yakan kama daga awa 2 a lokacin sanyi na ƙasashen da ke nesa da tsakiyar duniya, wato layin ikwaita, zuwa awa 5 ko 6 a wurare masu rana sosai. Mu ɗauki 4. Mai wat 5 zai ba da Ah 1.1, in yana waje, yana fuskantar rana, babu ƙura. A bayan gilashin mota kuwa, gilashin na tare wani kaso, karkatarsa na tare wani, zafin dashbod na rage wani, domin faifan sola na rasa kusan kashi 0.4 cikin ɗari na ƙarfinsa a duk digiri ɗaya sama da 25, dashbod kuwa a tsakar rana yakan wuce digiri 70. Shawarata ita ce duk faifan da zai zauna cikin mota ka lissafa masa rabi. Mai wat 5 ya koma 0.55, bai kai ba. Mai wat 10 ya ba da 1.1, ya kai da kyar, babu rarar ranar gajimare. Mai wat 20 shi ne zai sa ka kwanta da kwanciyar hankali.

Ƙananan nan masu wat 1.5 ko 2 da aka fi tallatawa, a bayan gilashi abin da suke bayarwa bai wuce 0.2 a yini ba. Wannan ya isa ya rufe abin da batir ke zubarwa da kansa, amma bai isa ya ciyar da motar zamani ba. Suna da amfani a wuri ɗaya: idan ka cire kan batir mai alamar − gaba ɗaya, ka jona faifan a batirin shi kaɗai. Wannan hanya ce mai kyau ga tsohuwar mota, tarakta ko janareta. A sabuwar mota tana nufin ƙararrawa ba za ta yi aiki ba, rimot ba zai buɗe ƙofa ba, kuma za ka sake saita agogo, rediyo, wani lokaci har da gilasan ƙofa.

Daga nan kuma za ka ga dalilin da ya sa faifan ba ya tayar da mataccen batir. Batir 60Ah da ya sauka rabi yana bin bashin Ah 30. Faifan da rararsa ba ta wuce rabin Ah a rana ba zai yi wata biyu yana biya, salfet kuwa ba zai jira shi ba.

Mataki na huɗu: kwanturola

Faifai na iya tura batir har ya wuce bolt 15 in babu mai taka masa birki. A nan ruwan batir ke fara tafasa yana rabewa zuwa iska, ruwan ya ragu, farantan su ci. Batirin da ke rufe ruf ba shi da hanyar da za a mayar masa da ruwan da ya rasa. Kwanturola ƙaramin akwati ne da ke zama tsakanin faifai da batir, ta bar caji ya hau zuwa kimanin 14.4, sannan ta sauke shi ta riƙe tsakanin 13.2 da 13.8. Da dare kuma ta hana wuta komawa daga batir zuwa faifan.

Masu aikin sola na da ƙa'idar da suke bi: in amfiyar faifan ba ta wuce kashi 1 cikin ɗari na Ah ɗin batirin ba, ana iya yi babu kwanturola, muddin faifan na da diyod mai hana wuta komawa. Ni dai daga wat 5 zuwa sama ba na ba da shawarar a yi babu ita, balle in motar za ta yi watanni babu mai leƙawa. Iri biyu ne a kasuwa, PWM da MPPT. Ta biyun ta fi tatso wuta daga babban faifai, amma ga faifai mai wat 10 ko 20 ta farkon ta wadatar. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ka duba takardarta ka ga nawa take ci da kanta. Mai babban allo da ramukan USB tana iya cinye rabon da ya kamata ya tafi batir.

Ka saita ta daidai da irin batirinka. Akwai mai ruwa na gargajiya, akwai AGM da EFB da ake sa wa motocin da ke kashe injin da kansu a danja, akwai kuma na litiyom, wanda tsarin cajinsa daban ne kwata-kwata. Manyan motoci masu batir biyu a jere bolt 24 ne, suna buƙatar faifai da kwanturolar da suka dace da hakan. Motoci masu haɗa fetur da lantarki, da masu lantarki zalla, su ma suna da ƙaramin batir na bolt 12 da ke mutuwa in an ajiye su, amma a kansu ka fara karanta littafin motar.

Mataki na biyar: ta ina wutar za ta shiga

Hanya mafi sauƙi ita ce soket ɗin kunna taba, kuma ita ce ta fi yaudarar mutane. A motoci da yawa, da zarar an zare makulli soket ɗin ya rabu da batir. Faifan na shan rana, 'yar fitilarsa na ƙyaftawa, amma wutar ba ta zuwa ko'ina, domin a yawancin ƙananan faifan nan fitilar tana nuna cewa akwai haske ne kawai. Gwajin ba wuya: ka soka cajar waya mai 'yar fitila, ka zare makulli, ka kulle motar, ka tafi. Ka dawo bayan awa ɗaya ka leƙa ta gilashi ba tare da ka buɗe ƙofa ba. Awa ɗayan na da muhimmanci, saboda wasu motocin na barin soket a kunne na mintuna kafin su yanke. In fitilar ta mutu, wannan hanya ta rufe.

Ta biyu ita ce ramin OBD, wanda makanikai ke soka kwamfutar gwaji, a ƙarƙashin sitiyari. An wajabta shi a motocin Amurka daga 1996, a Tarayyar Turai kuma daga 2001 ga masu fetur. Ƙafafu 16 gare shi, ta 16 ɗin tana haɗe da batir a kowane lokaci, ta 4 da ta 5 kuma su ne na −, wanda ke haɗe da jikin mota. Ana sayar da wayar sola mai irin wannan kan. Wayoyin wurin sirara ne, don haka ƙaramin faifai kawai ya dace da shi, kuma kada ka haɗa irin wannan kai da kanka in ba aikinka ba ne, domin sauran ƙafafun kai-tsaye suke zuwa kwamfutocin motar.

Ta uku, wadda na fi aminta da ita, ita ce kai-tsaye zuwa batir da wayoyi masu zobe a baki waɗanda ake ɗaurewa a ƙarƙashin noti. Masu baki kamar na kada suna da saurin sawa amma suna zamewa. Dole ne a sa fis a jar wayar, kusa da batir sosai, na amfiya 3 zuwa 5 ya isa. Aikin fis ɗin kare motar ne: in wayar ta goge a jikin ƙarfe wata rana, batirin zai turo amfiya ɗaruruwa ta cikinta, kuma haka gobara ke tashi a motar da babu kowa kusa. Baƙar wayar kuwa, in ka ga wani ɗan akwati mai siririyar waya manne a kan batir mai alamar −, na'urar lissafin cajin batir ce. A irin wannan mota ka ɗaure baƙar wayar a noti mai tsabta na jikin mota, domin cajin ya bi ta cikin na'urar, kwamfuta ta san da shigarsa. Motocin da batirinsu ke but ko ƙarƙashin kujera, kamar yawancin BMW, suna da wurin jonawa na musamman a ƙarƙashin bonet.

Mataki na shida: ajiye faifan da haɗawa

In wurin amintacce ne, waje ya fi ciki nesa ba kusa ba: kan rufin motar, kan bango, ko kan rufin rumfar da motar ke ciki, a ɗaure yadda iska ba za ta ɗauke shi ba, da wani abu mai laushi a ƙarƙashi don kada ya karce fenti. Motar da ke cikin gareji ko aka lulluɓe da tampol, dole faifan ya fito waje, kuma wannan shi ne tsari mafi kyau, mota a inuwa faifai a rana. In wayar za ta yi tsawo ka sa mai kauri, kwanturolar kuma ta zauna kusa da batir a inda ruwa ba ya kaiwa. Wanda ke arewacin tsakiyar duniya ya fuskantar da faifan kudu, wanda ke kudanci ya fuskantar da shi arewa.

In ciki zai zauna, gilashin gaba ya fi, tunda na baya da na gefe galibi suna da duhu. Ka ajiye motar gabanta na kallon inda rana ta fi daɗewa. Robobin da ke manne faifai a gilashi kan saki in sun sha zafi, gara ya kwanta a dashbod da abin da zai tokare shi. Ka lura da inuwa sosai. Ƙwayoyin faifan a jere aka haɗa su, galibi 36, in inuwar waifa ko ganye ɗaya ta rufe ƙwaya guda, duk layin ne ke raguwa. Ka zo wurin da safe, da azahar, da la'asar, ka ga inda inuwar bango da ta bishiya ke faɗawa.

Wajen haɗawa akwai tsari. Ka kife faifan ko ka rufe shi da tsumma. Ka fara haɗa kwanturola da batir, + sannan −, ka ga ta kunna ta gane batirin. Sai ka jona faifan, sannan ka buɗe shi. Wajen cirewa a juya: faifai ya fara fita, batir daga ƙarshe. Wayar da za ta fita daga mota ta bi ta robar ƙofa a inda take da laushi, ko ta ƙasan gaban motar, kada ta bi inda ƙarfe zai datse ta, kada kuma ta ratso daga sama yadda ruwan sama zai biyo ta ya shiga ciki.

Makon farko

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Kada ka haɗa yau ka yi tafiya gobe. Da tsakar rana ka auna a kawunan batirin kansu, ya kamata ka ga lambar ta haura 13. Wannan na nuna caji na isowa. Awon da ya fi faɗin gaskiya shi ne na asuba, kafin rana ta fito, bayan motar ta kwana tana sha babu mai mayarwa. Ka rubuta shi kullum. In yana tsaye a 12.6 ko 12.7, tsarin ya zauna. In yau 12.6, jibi 12.5, ƙarshen mako 12.4, faifan na rage gudun faɗuwar ne kawai, sai ka ƙara girmansa, ka fito da shi waje, ko ka rage abin da motar ke sha. In kuwa da rana kana ganin 14.8 ko 15 na awoyi, ko batirin na zafi yana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, ka cire faifan nan take, cajin ya yi yawa.

Bayan nan abin da ya rage kaɗan ne. Wanda ka bar wa amanar motar ya riƙa goge faifan ko gilashin duk mako ɗaya ko biyu, domin ƙura da kashin tsuntsaye na cin haske fiye da yadda ake zato. Sau ɗaya a wata ya auna batirin, in mai murafe ne ya duba ruwansa. Ka nuna masa lambar da in ya gani zai kira ka, 12.4 da asuba, domin wasu kwanturololin daga batir suke samun wutar da suke aiki da ita, in ya faɗi ƙasa sosai su ma sai su mutu, ko rana ta fito ba za su farka ba.

Ranar da za ka hau motar, ka cire faifan kafin ka murɗa makulli, musamman wanda ke soket ko ramin OBD, domin tashin injin na girgiza wutar motar kuma ba kowane faifai aka yi don jure hakan ba. Ka ɗauke shi daga dashbod kada ya zame maka wajen shan kwana. Wayoyin zoben na iya zama a kan batir, ka rufe bakinsu da murfinsa, ka ɗaure su nesa da fanka da bel.